Yadda Za Ka Kalli Jarumi Mai Tashi Sama Da Tikitin 'Yarka

Kassim ya sace wa 'yarsa tikiti, sannan ya kashe tsoho mai rai da bakinsa don ya samu damar amfani da shi. Direban tasi ne ɗan Zangon Kumasi, shekararsa hamsin da biyu, yana zaune da matarsa Damata da 'yarsu Nimatu a hawa na huɗu na wani dogon bene a titin Grand Concourse, can ƙasar Turawa. Ya je Makka, amma a wannan rubutu ba zan kira shi Alhaji ba.

Na san akwai magidanta da yawa a cikinmu da ke son yin irin abin da ya yi, sai dai ba su san ta inda ake farawa ba. Shi ya sa na jera hanyarsa daki-daki. Ka bi ta a tsanake, kada ka tsallake ko mataki ɗaya. Na yi maka alkawari za ka samu daidai abin da ya samu, babu ragi.

Mataki na ɗaya: Ka haramta abin da babbar murya

Akwai wani wasan dandamali da aka daɗe ana yi kusa da Times Square, an ɗauko shi daga littattafan zane na yara. Wani jarumi ne mai rufe fuska, sanye da kayan da suka matse shi kamar a jikinsa aka ɗinka su, ana ɗaura masa igiyoyin ƙarfe yana shawagi ta saman kan 'yan kallo. Ba zan faɗi sunansa ba, ba talla na zo yi masa ba.

Shekara biyu Kassim yana sauke fasinja a ƙofar gidan wasan nan, yana kuma ɗaukar waɗanda suka fito. Yana jin su a kujerar baya suna cewa, "Ta saman kaina ya wuce!" Duk sanda danja ta tsayar da shi a wurin, sai ya kafe allon tallan da ido har na bayansa ya danna masa ham. Tun yana yaro haka yake. A Kumasi ta wani huji a jikin kwanon silima yake leƙen fim, kuma bai taɓa ganin ƙarshen ko guda ba, domin kullum mai gadi yana zuwa da bulala kafin a gama.

Kada ka bari kowa a gidanka ya san wannan. Abin da ranka ya fi so, shi za ka fi zagi a gaban iyali.

Nimatu tana da shekara goma sha bakwai, kuma Allah ya ba ta hannun zane. A watan Afrilun 2013 laburaren unguwa ya sa gasa, ta zo ta ɗaya, aka ba ta kyautar tikitin wasan nan guda: ranar Laraba, ƙarfe biyu na rana, cikin hutun makaranta. Ta hau benen nan da gudu ta ajiye ambulan a gaban ubanta. Ya tambaye ta mene ne, ta ba shi amsa da Turanci kamar yadda yaranmu na nan ke yi.

"Ta ɗaya a me?" in ji Kassim. "A zanen ƙato cikin wandon da ya fi fatarsa matsewa?"

Damata ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Ei, Alhaji. Yarinyar nan wata biyu tana kan zanen nan. Da rana ne fa, kafin biyar ta dawo."

"Da rana ne? Wa ya gaya miki Shaiɗan yana tafiya hutun rana? 'Yata ta zauna cikin duhu da mutum dubu, ana kiɗa, namiji yana lilo a saman kanta? Ba a gidana ba."

Ka lura da "ba a gidana ba". Ka haddace ta, ka riƙa faɗinta kana nuna silin da yatsa. Ba sai gidan ya zama naka ba, na haya ma ya isa.

Mataki na biyu: Ka yaga takarda, amma ka san wadda kake yagawa

Ka juya ka fuskanci taga kamar fushi ya hana ka kallon kowa. A cikin wannan juyawar ka zare tikitin ka tura shi aljihun gaba. Sannan ka juyo ka yaga ambulan ɗin da wasiƙar taya murnar da ke ciki, gida takwas, a hankali, kowa yana gani. Kada ka bar wa yarinya kwashe gutsattsarin, za ta ga babu tikiti a ciki. Ka kai su ramin shara da hannunka.

Nimatu ba ta yi kuka ba. Ta ce, "To, Dadi," ta shiga ɗaki, ta tura littafin zanenta ƙarƙashin gado. Da uwarta ta bi ta tana rarrashi, sai ta ce ba komai, ta san tsoron Allah ne ya sa ya yi.

Ka riƙe wannan da kyau, domin a kansa komai yake tsaye. Yarinya ta rasa kyautarta amma ta yarda da ubanta. Aikinka daga nan har yammacin Laraba shi ne kada ta gane da wa ta yarda.

Mataki na uku: Ka nemi gawa

Laraba ce ranar hutun Kassim, kuma a ranar yake kai Damata babbar kasuwa ta sayo doya da kifi da manja na abincin da take sayarwa a ƙarshen mako. Sai an samu dalilin da zai ture wannan.

Kada ka ce mota ta lalace, za ta ce ku hau bas. Kada ka ce ba ka da lafiya, za ta zauna a kanka da ruwan citta har yamma. Uzuri ɗaya ne babu matar da za ta yi musu da shi, shi ne rasuwa.

Sai dai ka zaɓi mamacinka da hankali. Kassim ya tuna da Baba Tamimu, wani tsoho na Park Hill a Staten Island, wanda ya ji labarin ya koma gida Ghana shekara biyu da suka wuce. Tsoho ne, yana nesa, kuma ba ya riƙe waya a hannu. Kada ka ɓata lokaci kana binciken ko har yanzu yana can. Bincike na marasa ƙarfin zuciya ne.

Ranar Talata da yamma ya shigo yana salati ƙasa-ƙasa, ya zauna bai cire hula ba.

"Lafiya, Alhaji?"

"Baba Tamimu. Allah ya yi masa rasuwa a gida. Gobe za a zauna a wurin ɗansa Ishawu a Park Hill."

Damata ta dafe ƙirji ta zauna a hannun kujera. Tsohon nan ne ya yanka ragon sunan Nimatu. Ta ce bari ta nemi mayafinta na gobe.

"A'a. Maza ne kawai tukuna. Kuma kada ki gaya wa kowa, iyalan ba su sanar ba."

Da ka faɗi wannan jimla, ka kwantar da hankalinka. Ai kowa ya san yadda labarin mutuwa yake zama wuri ɗaya a tsakanin mutanenmu.

Mataki na huɗu: Ka karɓi kular

Ba a zuwa gidan rasuwa hannu biyu. Da sassafe Damata ta dafa wake da shinkafa irin na Zango, da taliya da dafaffen ƙwai da shito, soyayyen yajin nan na Ghana, ta cika babbar kularta shuɗiya. Ta goge masa farar babbar riga da hula. Haka Kassim ya fita zuwa kallon wasa cikin kayan ta'aziyya, da abincin mutum goma sha biyar a hannu.

Akwai rubutu a kan murfin kular. Damata ta yi asarar kula uku a wuraren suna da biki, don haka duk kwanonta ta rubuta masa sunanta da lambar wayarta da jan farce, manya-manya. Duk matan unguwar haka suke yi. Kai namiji ne, shekara ashirin kana cin abinci daga kwanukan nan ba ka taɓa karanta murfi ba. Kada ka fara yau.

Mataki na biyar: Ka amsa gaisuwa

Ka bar tasinka a gida, kada wani ya gan ta a inda bai kamata ba. Ka hau jirgin ƙasa na layin D ka sauka a titi na arba'in da biyu. Ka ɗora kular a cinya, ka sunkuyar da kai. A garin nan mai mutum miliyan takwas babu wanda ya damu da kai, sai mutum ɗaya, kuma yana tsaye a kan hanyarka.

Sunansa Harouna, mutumin Tawa ne daga Nijar, yana da tebur a bakin titi yana sayar da huluna da tabarau. Ya hango farar riga tun daga nesa.

"Alhaji Kassim! Ina kwana? Ina gida? Ina Hajiya? Ina za a haka da kula kamar mai kai amarya?"

Bahaushe zai iya guje wa ɗan sanda, amma ba zai iya wuce gaisuwa ba. Kassim ya tsaya, aka gaisa har ƙasa, sannan ya ce ta'aziyya za shi.

"Subhanallahi. Wa muka rasa?"

Nan kana da zaɓi, ka ƙirƙiro sabon mamaci ko ka sake kashe na jiya. Ka tsaya a kan na jiya. Mutum mai magana ɗaya ake girmamawa.

Harouna ya cire tabarau ɗin da ke fuskarsa, ya zauna a kan kwali. "Baba Tamimu? Da na zo ƙasar nan ban san kowa ba, wata uku na yi a kan katifa a falonsa. Bai taɓa tambaya ta yaushe zan tashi ba." Ya share ido da bayan hannu, ya miƙe ya fara tura huluna cikin buhu. "Bon. Tsaya in naɗe kaya mu tahi tare."

"A'a, ka yi gaba. Ni sai na biya na sayi goro."

"Goro? A nan?"

"Akwai wani wuri."

Kada ka waiwaya. Idan ka waiwaya za ka ga mutum yana rufe sana'arsa da tsakar rana yana kuka, waya a maƙale a kunnensa yana kiran mutanensa na unguwar Harlem, kuma hakan zai iya rage maka daɗin wasa.

Mataki na shida: Ka ba da ajiya

Mai gadin ƙofa ya buɗe kular, ƙamshin shito ya cika layin, Turawan da ke baya suka fara miƙa wuya. Ya ce ba a shiga da abinci, ya nuna wa Kassim ɗakin ajiyar kaya. Wata dattijuwa ce a wurin. Ta karɓi kular da hannu biyu, ta ajiye ta tsakanin jakunkuna da lema, ta ba shi 'yar farar roba mai lamba sittin da huɗu. Ya jefa ta aljihun da tikitin ya kwana uku a ciki.

Mataki na bakwai: Ka kashe waya, ka ji daɗinka

Kujerar mai kyau ce, a ƙasa, a tsakiya. Laburaren ba su yi wa yarinyar rowa ba. Kassim ya tattara babbar rigarsa ya zauna tsakanin wata tsohuwa mai farin gashi da wasu masu yawon buɗe ido, aka kashe fitilu.

Ba zan ɓoye maka ba, ya ji daɗi. Gine-gine suka taso daga ƙasan dandamali kamar ana buɗe littafi. Kiɗa ya girgiza kujeru. Da jarumin ya yi tsalle daga saman bene ya taho ta kan jama'a, iskar wucewarsa ta taɓa hular Kassim, sai ya ji bakinsa ya ce "Allahu Akbar!" da ƙarfi, tsohuwar da ke gefensa ta dafa masa hannu tana dariya. Da mugun cikin wasan ya lallaɓo ta bayan jarumin, Kassim ya miƙe rabi yana cewa, "Kai, waiwaya! Yana bayanka!" da Hausa. Sai da ma'aikaciyar wurin ta haska shi da tocila ya zauna.

Labarin kuwa na wani mutum ne mai fuska biyu. A gida salihi ne, mutanen gidansa ba su san inda yake zuwa ba, idan ya fita sai ya zama wani daban. Kassim bai sha wahalar gane labarin ba ko kaɗan.

Kada ka yi tunanin waje. A waje, Damata ta riƙe maganar har ƙarfe goma sha ɗaya. Ba mai tsegumi ba ce, kuma duk wanda ya ce laifinta ne ya zo ya same ni. Ƙawarta Tahiratu kawai ta kira ta tambaya wace rana mata za su je gaisuwa, domin abin kunya ne a ce tsohon da ya yanka ragon 'yarki ya rasu ke kina gida. Tahiratu ta saka a zauren WhatsApp na matan Zango. Kafin azahar labarin ya sauka Kumasi. Kafin biyu, mata tara da kuloli suna kan feri, jirgin ruwan da ke tsallakawa Staten Island, Damata a cikinsu, Nimatu tana riƙe mata jaka. Harouna da mutum huɗu daga Harlem suna cikin ferin da ke biye.

Abin da Kassim bai bincika ba shi ne, Baba Tamimu ya dawo tun bara, saboda likitan idonsa a nan yake. Shi ya buɗe musu ƙofa da kansa, cikin singileti, da kofin shayi a hannu. Tahiratu ta saki kularta a kan ƙafar Damata.

Mataki na takwas: A hutun rabin lokaci, kada ka kunna waya

Wannan ne matakin da ya fi muhimmanci, kuma ba za ka iya kiyaye shi ba.

An tsaya hutu a daidai wurin da aka kama jarumin, an ɗaure shi a saman hasumiya, yarinyar da yake so tana lilo a bakin gini, mugun yana dariya. Kassim ya fito haraba. Ya ce bari ya duba lokacin la'asar kawai. Ya kunna waya, ya ga kira arba'in da ɗaya. Kafin ya gama ƙirgawa ta sake ruri, lambar Ishawu ce.

"Salamu alaikum," in ji wata tsohuwar murya.

"Wa alaikumus salam. Wa ke magana?"

"Mamacin ne."

Kassim ya jingina da bango.

"Kassim, falona cike yake da mata. An kawo mini kula tara. 'Yata a Kumasi ta suma sai da aka zuba mata ruwa. Ishawu ya baro aiki da kayan asibiti a jikinsa. Kowa na tambaya sai ya ce daga bakinka aka ji. To, ƙarfe nawa ka sa za a binne ni? Ina so in yi wanka kada in makara."

"Baba, wallahi..."

"Bar wallahin nan ka taho da shi. Muna jiranka."

Aka buga ƙararrawar komawa. Jama'a suka fara shiga. Kassim ya tsaya tsakanin ƙofa biyu, ta ciki da ta titi, kuma Allah ya sani sai da ya yi taku biyu wajen ta ciki. Sannan ya tattare riga ya fita da gudu. Bai bi ta ɗakin ajiya ba. Mai gudu ba ya tuna kula.

Mataki na tara: Ka gina ƙarya ta biyu a kan feri

Jirgi, feri, bas: kana da awa ɗaya da rabi. Ya isa. Ka zauna ta wajen taga, ka kalli ruwa, ka shirya magana.

Da Kassim ya shiga falon, babu wurin sa ƙafa. Mata a kan kafet, maza a jikin bango, Baba Tamimu a kujerarsa ya sa riga yanzu, yana cin abincin sadakarsa da cokali. Kassim ya durƙusa har ƙasa. Ya ce wani fasinja ne ya gaya masa, ya rantse masa. Ya ce a hanya zuciyarsa ta ƙi kwanciya, sai ya wuce wani masallaci a Harlem don ya tabbatar, a can ya wuni yana tambaya.

"Harlem?" in ji Harouna. "Ba goro ka ce za ka saya ba?"

"A Harlem ake sayar da goron ai."

"Ina kulata?" in ji Damata.

"Na raba wa mabuƙata a ƙofar masallaci. Kular tana wurin ladan."

Ka ga gwaninta. Har wasu suka fara cewa Allah ya isa tsakaninsu da fasinjan. Baba Tamimu ya ajiye cokali ya ce to, kuskure ne, kowa yana yi, Allah ya sa tsawon rai ne. Nimatu ta kawo wa ubanta ruwa, domin ta ga yana gumi. Saura kaɗan ka fita lafiya.

Sai wayar Damata ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce, Baturiya tana magana da sauri. Damata ta yi abin da take yi kullum idan Turanci ya yi gudu a waya: ta danna lasifika ta miƙa wa Nimatu. Tun tana 'yar shekara takwas ita ke yi wa gidan tafinta, a asibiti, a makaranta, a ofishin mai gidan haya.

Yarinyar ta saurara. Waɗanda ke jin Turanci a falon suka sunkuyar da kai tun kafin ta buɗe baki. Ta yi wa matar godiya, ta kashe wayar.

"Me ta ce?" in ji Damata.

Nimatu, wadda rabon da a ji Hausa zalla a bakinta, ba gaurayen Turanci, tun tana firamare, ta fassara da Hausa, kalma bayan kalma, don kada wata tsohuwa a falon ta rasa ko ɗaya.

"Ta ce daga gidan wasa take kira. Ta ce wani mutum mai farar riga ya bar shuɗiyar kula a wurinta, lamba sittin da huɗu. Ya fita da gudu a tsakiyar wasa. Ta ga suna da lamba a murfi. Ta ce abincin yana ƙamshi sosai, ba ta son ta zubar."

Damata ta taso, ta tsallake ƙafafun mata uku, ta zura hannu a aljihun gaban mijinta a gaban kowa. Ta fito da farar roba da guntun tikiti. Ta ajiye su a kan tebur kusa da kofin shayin Baba Tamimu, ta koma ta zauna.

Nimatu ta ɗauki guntun tikitin ta duba lambar kujerar. Sannan ta dubi ubanta.

"Dadi, da gaske ta saman kujerar yake wucewa? Haka suka ce mini a laburare."

Shawarata a nan ita ce kada ka amsa. Kassim ya amsa. Ya ce, "Yana wucewa."

Ta gyaɗa kai, ta karɓi kofin ruwan da ta kawo masa, ta mayar kicin.

Mataki na goma: Ka saurari mamacinka

"Mutuwata dai na yafe," in ji Baba Tamimu. "Na ma ji daɗi, na ga waɗanda za su zo. Harouna, Allah ya yi maka albarka, ka rufe tebur saboda ni. Wasu kuma da ban gani ba, na san su yanzu." Aka ɗan yi dariya, shi bai yi ba. "Amma kai, Kassim, da ka hana yarinyar nan don Allah, ka ƙona takardar, da ni da kai sai mu yi gardama mu tashi mu yi salla tare. Ka ɗauki sunan Allah ka rufe mata ido da shi, ka zare mata abu daga hannu. Wannan ba nawa ba ne da zan yafe."

Ni ma ra'ayina ke nan. Ban ga wasan ba, ba ni da niyyar gani, kuma ban ga abin burgewa a ƙato yana lilo da igiya ba. Amma uban da ya hana don tsoron Allah daban, ɓarawo mai wa'azi daban.

Baba Tamimu ya yanke hukunci a zaune, Ishawu da Harouna suka zama shaidu.

Gargaɗi

Na cika alkawarina, na ba ka hanya cikakkiya. Abin da ya biyo baya tsakaninka da matarka, da 'yarka, da duk tsohon da ka zaɓa ka kashe, babu hannuna a ciki. Kada ka kira ni, kada ka turo a ba ni haƙuri in shiga tsakani, kuma idan an tara mutane a kanka ba ni da kujera a wurin. Idan kana son sanin abin da za ka tarar, ga na Kassim.

Bisa hukuncin Baba Tamimu, Laraba ta gaba ya sayi tikiti biyu, ya kai Damata da Nimatu har ƙofar gidan wasan. Ya tsaya a bakin titi cikin farar babbar rigar nan, kusa da teburin Harouna, rungume da shuɗiyar kula, awa biyu da rabi, duk wanda ya gaishe shi sai ya gaya masa dalilin tsayuwarsa. An hana shi shiga, an hana kowa ya ba shi labarin rabin da bai gani ba. Nimatu ta ciro littafin zanenta daga ƙarƙashin gado, amma ba ta ƙara nuna masa ko shafi ɗaya ba. Idan ya ce za shi ta'aziyya, Damata takan kira gidan mamacin tukuna. An daina wasan tuntuni. Har yau Kassim bai san ko jarumin ya sauko daga hasumiyar ba.